Ranar da Babu Malami, Wa Zai Ja Karatun?

A ranar 9 ga Agustan 2021 ƙungiyar 'yan aware ta IPOB ta fara tilasta wa jama'ar Kudu maso Gabas zaman gida duk ranar Litinin, don nuna fushi kan tsare shugabanta Nnamdi Kanu. Kasuwanni suka rufe, motoci suka ɗauke, makarantu suka bi sahu. Ko bayan da ƙungiyar ta ce ta janye umarnin, kai, ko bayan da Gwamna Peter Mbah ya haramta shi a Jihar Inugu a watan Yunin 2023, tsoro ya daɗe yana hana iyaye sakin 'ya'yansu ranar Litinin. Lissafin asarar ba shi da wuya. Zangon karatu mako 13 ne ko kusa da haka, kuma zango 3 ne a shekara. Yaron da ya rasa kowace Litinin tun daga aji ɗaya na ƙaramar sakandare har ya fita aji uku ya yi asarar kwana fiye da 110, abin da ya kusa zango biyu cur.

An yi ta bayani a kan abin da 'yan kasuwar Anaca suka rasa a waɗannan ranaku. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne yadda ɗan makaranta ya yi da su. Mafi yawan yara ba su yi komai ba, kuma ba don lalaci ba. Ba a taɓa koya musu yadda ake karatu ba tare da wani ya tsaya a gaban allo yana faɗa ana rubutawa ba. Ra'ayina a nan shi ne: ɗan Bahaushe da ke karatu a Fatakwal ko Anaca ko Inugu ya fi kowa buƙatar ya iya jan karatunsa da kansa, ya kuma iya auna kansa, domin karatunsa ne ya fi saurin yankewa. Wannan iyawa kuwa ba ta faɗowa daga sama. Koyar da ita ake yi, kuma ƙaramar sakandare ce wurin koyar da ita.

Karatu mai yawan yankewa

Hausawa ba baƙin jiya ba ne a waɗannan garuruwa. Tun da aka gano kwal a yankin Inugu a 1909, aka kafa Fatakwal don fitar da shi, layin dogo ya haɗa garuruwan biyu a 1916, daga baya ya miƙe zuwa Arewa, fatake da dillalan shanu da mahauta suka bi shi. Anaca kuwa kogin Kwara ne ya kai su tun kafin a gina gada a 1965. Zaman ya yi nisa har wani dillalin shanu daga ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin Inugu na farko lokacin da aka ba garin matsayin birni mai magajin gari a 1956. Rikicin 1966 da Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970 suka watsa zaman, bayan yaƙi aka sake ɗinkewa. Yau a Gariki da kasuwar Artisan a Inugu, a kewayen titin Bida da kasuwar Ose a Anaca, a Diobu da Oyigbo a Jihar Ribas, akwai gidajen da uba da kaka duk can aka haife su, akwai kuma 'yan ci-rani da suka zo da iyali shekaran jiya.

Yaron da ya tashi a irin wannan unguwa yana da baiwar da ba a cika lura da ita ba. Da Hausa yake magana a gida, da Turancin buroka a titi, sau da yawa da harshen Ibo a kasuwa, da Turanci a aji, da yamma kuma ga Larabci a islamiyya. Amma karatun bokonsa kullum a kan siraɗi yake. In rikici ya tashi, kamar na Anaca a Fabrairun 2006 ko dokar hana fita da aka sa a Oyigbo a Oktoban 2020, iyali kan kwashe yara su nufi gida, a dawo bayan wata biyu ko shida. In aka tashi kasuwa ko mayanka, mahaifi ya sauya unguwa, yaro ya sauya makaranta. Tafiyar babbar salla takan ci mako uku. Wani kuma a tsakiyar aji biyu za a tura shi wajen kakanninsa a Kano ko Sakkwato ya ƙarasa a can. Ga kuma watannin da aka rufe makarantu duk ƙasar a 2020 saboda korona. Duk lokacin da aka yanke, malami ya wuce da sauran 'yan aji, ba mai komawa baya dominsa.

Me ya sa ƙaramar sakandare? Shirin ilimin bai-ɗaya da Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato a 1999, wanda ya zama doka a 2004, ya wajabta shekara 9 na karatu kyauta: 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Waɗannan ukun na ƙarshe su ne mararraba. A firamare malami ɗaya ke riƙe da aji, ya san wanda ya gane da wanda ya ɓace. A ƙaramar sakandare malamai sun fi goma, kowa ya shigo ya yi minti 40 ya fita. A daidai shekarun nan, 12 zuwa 15, ake cewa yaro ya isa tsaron shago ko bin motar gwari, yarinya kuma ta isa riƙe gida da talla. Kasuwa tana biya a ranar, makaranta kuwa alkawari take yi. Yaron da ba ya ganin ci gaban kansa da idonsa, kasuwa ce za ta cinye.

Abin da jan biro ba ya gyarawa

A ce ga yarinya 'yar aji biyu a wata makaranta a Anaca. An ba ta ½ + ⅓, ta haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ta rubuta ⅖. Malama ta zana mata kuros da jan biro, ta rubuta hanyar daidai a allo, ta ce kowa ya kwafi gyara. Yarinyar ta kwafa da kyakkyawan rubutu, har ta ja layi a ƙasan ⅚. Ranar jarrabawa aka sauya lambobin, ta sake haɗa na sama da na sama. Gyaran ya shiga littafi, bai shiga kai ba, domin ba wanda ya tambaye ta hanyar da ta bi ta isa ga amsarta ta farko.

Da malamar ta tsaya minti biyu ta ce, “Ke, in aka auna miki rabin mudu na shinkafa aka ƙara miki sulusi, zai kai rabin mudu ko ba zai kai ba?” da yarinyar ta yi dariya ta ce, “Haba malama, ai ya wuce rabi.” “To dubi amsarki, ⅖ ta kai rabi?” Nan za ta yi shiru, ta gane da kanta cewa abin da ta rubuta ba zai yiwu ba. Sai a ce ta rubuta layi biyu a bayan littafinta: abin da na yi, da dalilin da ya sa bai yi ba. Abin da ta samu a nan ya fi amsar tambaya ɗaya. Ta koyi dakatawa ta tambayi kanta ko amsar ta yi hankali, kuma wannan ɗabi'a za ta bi ta har ranar da babu malama.

Tsarin da muke da shi bai ba da wannan fili ba. Malami na tseren gama manhaja kafin jarrabawar fita aji uku. Rubutun allo ya zama shi ne darasin, cikar littafi ta zama shaidar karatu. Gwajin tsakiyar zango, wanda manufar ilimi ta ƙasa ta kawo don a riƙa gano inda yaro ya tsaya, ya koma tara maki kawai. Ga ɗan Bahaushe kuma akwai ƙarin nauyi. An tarbiyyantar da shi kada ya yawaita tambaya a gaban babba, kuma sau da yawa su biyu ne ko uku a ajin. Yana tsoron ya ɗaga hannu Turancinsa ya karkace a yi masa dariya, a ce aboki ya yi magana. Sai ya haɗiye rashin ganewarsa. Ciwon da aka ɓoye kuwa ba ya samun magani.

Gadon da ke hannunmu

Wani zai ce wannan salon Turawa ne, bai dace da yaranmu ba. Wanda ya faɗi haka ya manta makarantar allo. Shiga kowace, har waɗanda ke rumfunan masallatan Gariki da Diobu, ka duba yadda aiki ke tafiya. Yara talatin, ba biyu da ke wuri ɗaya. Kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Malam ya biya wa yaro, yaro ya koma gefe ya yi ta maimaitawa. Can sai ya kifa allon a cinya, ya ɗaga kai, ya gwada kawowa da ka. Ya tuntuɓe, ya leƙa, ya sake kifawa. Ba wanda ya ce masa lokaci ya yi. Shi ne zai auna kansa ya ga karatun ya zauna, sannan ya taso ya durƙusa ya ce, “Allah gafarta Malam, na iya.” In ya kawo daidai a ba shi izinin wankewa a yi ƙari, in bai kawo ba ya koma. Ga tilawa, wadda ke hana na baya gudu. Gardi mai hadda kuma yakan rubuta satu da ka, ya kai darasu a fito masa da kurakuransa ɗaya bayan ɗaya. A makarantar zaure ma haka: mai Ahalari da mai Ishmawi da mai Risala duk a tabarma ɗaya, kowa na jan nasa.

Ba cewa nake a mayar da darasin kimiyya hadda ba, ba kuma ina kewar bulala ba. Makarantar allo na da nata rauni, musamman fifita riƙewa a kan fahimta. Abin ɗauka shi ne ɗabi'ar: sanin inda ka tsaya, gwada kanka kafin a gwada ka, komawa kan na baya, da ɗaukar gyara a matsayin ɓangaren karatu. Yaron da ke yin duk wannan da yamma, da safe sai a zaunar da shi kamar bai taɓa riƙe karatun kansa ba.

Maƙwabtanmu ma suna da nasu gadon. Daga ƙarshen shekarun 1940 har zuwa Yaƙin Basasa, kasuwar Anaca ta yi suna da 'yan ƙananan littattafai masu arha, na labarai da na koyon rubuta wasiƙa da gyaran Turanci da dabarun zaman duniya. Yaran shago da direbobi da teloli ne masu saye, mutanen da makaranta ta yanke musu suka ci gaba da kansu. Saboda haka malamin Ibo da uban Bahaushe ba sa buƙatar tafinta a kan wannan batu.

Me bincike ya nuna, me kuma bai nuna ba

A 1998 Paul Black da Dylan Wiliam na Kwalejin King's da ke Landan suka tattara sakamakon bincike kusan 250 a kan auna ɗalibai a cikin aji. Suka nuna cewa idan ana nuna wa yaro inda ake so ya kai, da inda yake, da yadda zai cike tazarar, kuma ana sa shi ya auna kansa, sakamako na tashi sosai, kuma waɗanda ke baya ne suka fi amfana. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke a Amurka suka gwada ɗalibai kashi biyu: masu sake karanta rubutu sau da yawa, da masu rufe shi su gwada tunowa. Bayan mako guda masu rufewa suka fi riƙewa, alhali masu maimaita karantawa ne suka fi jin sun iya. Wato kifa allon nan da almajiri ke yi ba al'ada ce kawai ba, hanya ce da gwaji ya tabbatar. Gidauniyar EEF ta Ingila, wadda ke auna dabarun koyarwa, ta sa koya wa yara tsara karatunsu da bin diddigin tunaninsu cikin dabarun da suka fi amfani kuma suka fi arha, da ƙarin ci gaban da ya wuce na rabin shekara.

Amma akwai gargaɗi, kuma masu adawa da wannan salo suna da gaskiyarsu a nan. Malcolm Knowles, wanda ya yayata batun karatun kai-da-kai a 1975, a kan manya ya gina tunaninsa. A 2006 ɗin dai Paul Kirschner da John Sweller da Richard Clark suka kawo hujjoji cewa sabon shiga, idan aka sake shi ya gano abu da kansa ba jagora, ɓacewa yake yi. Yaron da bai iya karanta Turanci sosai ba, ka miƙa masa littafi ka ce je ka yi bincike, ka yar da shi ne. A makarantun da malami ke neman dalilin zama a ofis, wannan kalma za ta iya zama rigar sakaci. Ko a makarantar allo sai malam ya biya kafin yaro ya koma gefe. Saboda haka tsarin shi ne malami ya koyar sosai, ya nuna a fili yadda shi kansa yake tunani idan ya ci karo da tambaya mai wuya, sannan ya riƙa sassauta riƙo kaɗan-kaɗan daga aji ɗaya zuwa aji uku.

Haka nan na'ura ba ta maye gurbin wannan. Gwamnatin Inugu ta ware kashi 33 cikin 100 na kasafin 2024 ga ilimi, ta kuma ɗauki aikin gina makarantun zamani 260, ɗaya a kowace mazaɓa. Abin yabo ne, kuma ya kamata Hausawan jihar su tura 'ya'yansu su ci rabonsu. Sai dai allon lantarki da kwamfuta suna ƙara wa mai iya jan kansa gudu ne. Wanda bai iya ba, kwafar da yake yi daga allon alli ita zai ci gaba da yi daga gilashi.

Abin da za a iya farawa gobe

Na farko, takardar zango. A makon farko kowane malami ya ba yara jerin batutuwan da za a yi, su kwafa a shafin farko. Gaban kowane batu yaro ya riƙa sa alama ɗaya cikin uku: na iya, da saura, ban gane ba. Wannan takarda ce guzurin yaron da aka ɗauke a tsakiyar zango. In ya sauka a wata makaranta a Katsina, ko ya dawo bayan wata biyu, ya san ramin da zai cike, sabon malaminsa ma ya sani.

Na biyu, minti biyar na ƙarshen darasi. A rufe littattafai, kowa ya rubuta abu uku da ya riƙe da abu ɗaya da ya shige masa duhu. Malami ya karɓi goma ya duba, gobe ya fara daga nan. Ko a aji mai cunkoso wannan na yiwuwa, kuma yana ba mai kunya hanyar tambaya ba tare da ɗaga hannu ba.

Na uku, littafin kurakurai, irin na yarinyar can. Sharaɗinsa biyu: kada a sa masa maki, kada a hukunta yaro don ya rubuta bai gane ba. Ranar da aka fara ba shi maki, ranar yara za su fara rubuta abin da malami ke son ji. A kuma bar yaro ya rubuta da harshen da yake tunani da shi, ko Hausa ko buroka. Littafin nasa ne.

Na huɗu, aikin ranar da ba makaranta. Duk Juma'a a tashi yara da shiri: in wani dalili ya hana zuwa, ga shafin da za ka karanta, ga tambayoyi biyar da za ka gwada kanka da su, ga amsoshin a naɗe, kada ka buɗe sai ka gama. A aji uku a bar yaro ya tsara shirin da kansa, malami ya duba kawai.

Na biyar, aikin bincike ɗaya a zango, wanda yaro zai zaɓa daga rayuwarsa. Ɗan mai gwari ya bi buhun albasa daga Aliero har kasuwar Ose: kuɗin saye, kuɗin mota, kuɗin hanya, abin da ya ruɓe, abin da ya rage. Ga lissafi, ga nazarin kasuwanci, ga labarin ƙasa, kuma a karon farko ɗan ajin da ake gani a baya shi ne ya fi kowa sanin batun.

Rabon unguwa da na gida

Ba duka ne aikin makaranta ba. Sarakunan Hausawa da kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa a garuruwan nan sun saba tara kuɗi don belin wanda aka kama ko kai gawa gida. Rumfa ɗaya mai fitilar sola da benci da littattafan manhaja, da ɗalibin babbar sakandare ɗaya ko biyu da za a riƙa ba ɗan abin sabulu su zauna da ƙannensu, ba ta kai waɗancan tsada ba. Malaman islamiyya kuma su ne suka fi kowa iya gaya wa yaro cewa tilawar da yake yi wa Alƙur'ani ita zai yi wa lissafi, kuma muhasabar da ake wa'azi a kanta ta shafi karatu.

Iyaye kan ce, “Mu ba mu yi boko ba, me za mu duba?” Amma ba ɗan kasuwar da ke kwanciya bai yi lissafin yini ba: me ya shigo, me ya fita, ina aka yi asara, uwar kuɗi na nan ko ta taɓu. Irin wannan lissafin ake so yaro ya yi wa karatunsa, kuma uba ya san yadda ake tambayarsa ko bai san baƙi ba. Maimakon jiran ƙarshen zango a ce “Na nawa ka zo?”, a riƙa cewa da dare, “Me ka ƙaru da shi yau? Me ya gagare ka? Wa za ka tambaya gobe?” Sannan a ba shi lokacin. Wannan ya fi shafar 'ya'ya mata: yarinyar da ta tashi daga makaranta ta shiga talla, ta dawo ta ɗora tukunya, ba ta da sa'ar da za ta ja wani karatu. Sa'a ɗaya a rana da ba aike ba talla ita ce mafi ƙarancin abin da gida zai bayar.

Duk wannan bai sauke wa gwamnatocin Ribas da Anambra da Inugu nauyin samar da malamai da tsaro da azuzuwa ba, bai kuma sauke wa shugabanninmu nauyin nema wa yaran nan haƙƙinsu a jihohin da aka haife su ba. Sai dai waɗannan sukan ɗauki shekaru, yaron da ke aji ɗaya yau kuwa shekara 3 kawai gare shi. Ya kamata mu ƙara wa jarrabawar fita aji uku wani ma'auni namu: shin yaron nan zai iya ɗaukar babin da ba a koya masa ba, ya karanta, ya gwada kansa, ya faɗi daidai inda ya tsaya, ya nemi wanda zai buɗe masa? In zai iya, ko kasuwa ya shiga bayan nan karatunsa bai ƙare ba. In ba zai iya ba, takardar shaidar da ke hannunsa ba za ta kai shi nesa ba.